Shahon Federigo da kwanon Gwaggo

A watan Afrilun 2020, lokacin da aka kulle Kano, ni da yara uku ne a gida. Makarantar da nake koyarwa ta riga ta rufe, maigidan kuma kullen ya rutsa da shi a Legas. Wata rana da hantsi na sauko da wani kwali daga saman durowa, na tarar da littattafan da na saya tun ina jami'a a wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi. A cikinsu akwai wani mai kauri, bangonsa ya yage: fassarar Ingilishi ta Dekameron, wanda wani Ba'italiye mai suna Giovanni Boccaccio ya rubuta a tsakiyar ƙarni na 14. Bokaciyo ake furta sunan. Tarihi nake koyarwa, saboda haka na daɗe da sanin sunansa, amma ban taɓa wuce shafi goma ba. A azumin wannan shekarar na karance shi tas, yawanci tsakanin asham da sahur.

Cutar da ya ba da labarinta ta shiga Italiya ne ta ruwa. A watan Oktoban 1347 jiragen fataken Jenowa da suka taso daga Kaffa, a gaɓar Bahar Aswad, suka tsaya a Mesina ta tsibirin Sisili, matuƙansu na mutuwa a ciki. Zuwa watan Maris na 1348 ta isa Fulorans, birnin masaƙa da masu banki, inda mahaifin Bokaciyo yake fatauci. Shi marubucin an haife shi a 1313, ke nan yana da shekara 35. Ya ce alamarta ta farko kaluluwa ce, a hammata ko a matsematsi, wata kamar ƙwai, wata ta kai tuffa girma, daga baya baƙin tabo ya feso a hannuwa da cinyoyi, mafi yawa kuma ba sa wuce kwana uku. Ya ce da idonsa ya ga aladu biyu sun tono tsummokaran wani matalauci da ya mutu, suka yayyaga su da haƙora, ba a jima ba suka faɗi matattu a kan tsumman. Sai a 1894, a Hong Kong, likita Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar, daga baya aka fahimci cewa ƙuma ce ke ɗauko ta daga jikin ɓeraye. Mutanen 1348 gurɓatacciyar iska suke zargi, da taurari, da fushin Ubangiji.

Bokaciyo ya ce daga Maris zuwa Yuli fiye da mutum 100,000 suka mutu a cikin ganuwar birnin. Masana tarihi na ganin ya zuzuta, don duka mutanen garin a lokacin ba su wuce kusan wannan adadin ba, amma sun yarda cewa wajen rabi, ko fiye, sun tafi. Giovanni Villani, mai rubuta tarihin birnin, ya rubuta cewa annobar ta ci gaba har zuwa, sai ya bar fili don ya cike ranar daga baya. Ita ta kashe shi, filin ya zauna haka. A Siyena, wani mai suna Agnolo di Tura ya rubuta cewa da hannunsa ya binne 'ya'yansa biyar.

Duk wannan mai ban tsoro ne, amma abin da ya hana ni barci shi ne bayaninsa a kan rayayyu. Ya ce wasu sun kulle kansu a gida, suna cin abinci mai kyau kaɗan-kaɗan, sun hana a kawo musu labarin mutuwa. Wasu sun ce tunda abin ya zo, a sha a yi rawa, suna yawo daga mashaya zuwa mashaya, suna shiga gidajen da masu su suka mutu kamar nasu. Wasu sun bi tsaka-tsaki, suna fita da furanni ko ganye mai ƙamshi a hanci. Wasu kuma sun tsere ƙauye, sun bar gida da dangi. Sai ya ƙara da cewa a kowane rukuni wasu sun mutu, wasu sun rayu, kuma waɗanda suka guji marasa lafiya, da tasu ta zo, su ma aka guje su, tunda su suka koya wa mutane. Wa ya guji ƙane, kawu ya guji ɗan 'yar'uwarsa, mata ta guji miji, kuma abin da ya ce da wuya a yarda, iyaye sun ƙi leƙa 'ya'yansu kamar ba su suka haife su ba. Da safe a fito da gawa a ajiye a ƙofar gida. Makara ta yi ƙaranci, ana ɗauka a kan katako, mata da miji ko uba da ɗa a tare. Da maƙabartun coci suka cika, aka haƙa manyan ramuka ana jera mutane kamar kaya a cikin jirgi. Ya ce mutuwar mutum ta daina damun kowa fiye da yadda mutuwar akuya take damun mutane a yau. A ƙauyuka kuwa, shanu da tumaki suna shiga gonakin da ba a girbe ba su ƙoshi, da yamma su komo gida da kansu, babu makiyayi.

Da na karanta wannan, zuciyata ta ce mu ba haka muke ba. Mu da muke tashi tsakar dare mu tafi jinya, mu da ba ma barin gawa ta kwana. Na kuma tuna hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla, ya hana wanda ke ciki fita don gudu, da labarin Sayyidina Umar da ya juya da mutanensa daga hanyar Sham, ya ce wa Abu Ubaida daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Annobar 1348 ba ta tsallake ƙasashen Musulmi ba. Ita ta kashe iyayen Ibn Khaldun biyu a Tunis, ta kashe Ibn al-Wardi a Halab a 1349 bayan ya yi rubutu a kanta. Ibn Battuta yana Dimashƙu a watan Yulin 1348, ya ga mutanen gari sun yi azumin kwana uku sun fito ba takalmi, Musulmi da Alƙur'ani, Yahudawa da Attaura, Nasara da Linjila, suna kuka tare. Wannan matafiyin ne, bayan shekara biyar, ya sauka a Takadda, a ƙasar Nijar ta yanzu. Na rufe littafin a daren ina jin cewa mutanen Fulorans sun kasa a inda wasu ba su kasa ba.

Bayan kwana huɗu aka bugo mini waya cewa Gwaggo ba ta da lafiya. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara shida. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa faɗin sunana ba, Uwata take ce mini. Zazzaɓi ne da tari, numfashi yana yi mata wuya. A makonnin nan kowa a Kano ya san yadda dattawa ke ta tafiya, kullum ka buɗe waya sai sanarwar rasuwa. Ranar da aka sassauta kulle don a yi cefane, na dama kunun gyaɗa na zuba a kwanon sha mai murfi, na tafi.

Na yi sallama a ƙofar ɗakinta, labule a sake. Ƙafata ta ƙi shiga. Na tuna ƙaramin ɗana mai asma, na tuna babu kowa a gida sai ni. Ta ji muryata ta ce, "Uwata, ke ce?" Na ce, "Ni ce, Gwaggo, sannu, ya jikin?" Ta ce, "Da sauƙi. Ajiye a nan, kar ki shigo, kina da yara." Na ajiye kwanon a dokin ƙofa. Ta ba ni mafita, ni kuwa na karɓa da sauri, kuma saurin ne har yau yake ci mini rai. Wata maƙwabciyarta, dattijuwa mai sayar da ƙosai a bakin layi, ita ta zo ta ɗauki kwanon ta ɗaga labule ta shige, ko juyowa ba ta yi ba. Ita ta yi jinyar kwana biyar, ita ta yi mata wanka da Allah ya karɓi abinsa. Ba a yi zaman makoki ba, ta waya aka yi ta yi mini gaisuwa.

Da na koma wa littafin bayan sadakar uku, na karanta shi da wani ido. Na lura Bokaciyo bai tsine wa kowa ba. Ya faɗi abin da tsoro yake yi wa mutum dalla-dalla, kamar wanda ya san abin daga ciki, kuma a wannan annobar ya rasa matar mahaifinsa, mahaifin ma bai daɗe ba ya bi ta. Abin da ya fi yi wa kuka ƙananan al'adu ne: matan unguwa da suke taruwa a gidan mutuwa, maƙwabta da suke tsayawa a ƙofa, tsaran mamaci da suke ɗaukarsa a kafaɗa. Su suka fara mutuwa kafin a gama binne mutane.

Daga nan ne labarin ya juya. Wata Talata da safe, 'yan mata bakwai, tsakanin shekara 18 zuwa 28, suka haɗu a cocin Santa Mariya Nobella. Babbarsu, Pampinea, ta ce zaman me muke yi, ƙirga gawa? Samari uku suka shigo, aka shirya, washegari suka fita da barorinsu zuwa wani gidan gona mai lambu da rijiyoyi, mil biyu daga gari. Suka tsara rayuwa kamar ƙaramar masarauta: kowace rana a naɗa sarki ko sarauniya da kambin ganye, shi zai faɗi lokacin ci da na hutu, da rana ta take a zauna a inuwa kowa ya ba da labari ɗaya. Juma'a da Asabar babu labari, na ibada ne da wanke kai. Mako biyu suka yi, kwana goma na labari, mutum goma, labari 100. Sunan littafin ma daga Girkanci yake, ma'anarsa kwana goma. Wanda ya tashi da Dare Dubu da Ɗaya ba zai ji baƙunta ba, labari a cikin labari, mutuwa na jira a waje. Kuma da harshen kasuwar Fulorans ya rubuta, ya bar Latin ɗin malamai, ya ce don mata ya yi, waɗanda ke kulle a ɗaka da damuwarsu, ba su da farauta ko fatauci da za su ɗebe musu kewa. Wannan maganar ta same ni a inda nake zaune.

Dokar farko da Pampinea ta kafa wa barori ita ce kar wanda ya kawo labari daga waje sai mai daɗi. Babu labari ko ɗaya cikin ɗarin da aka gina a kan annobar da suka baro. Amma akwai wuri guda da na lura ta kutso. A rana ta shida, Lauretta, ɗaya daga cikin 'yan matan, tana ba da labarin wata mata mai kaifin baki, Nonna de' Pulci, sai ta ce a tsakiyar magana, wadda annobar nan ta ɗauke mana, kun san ta ai, ta ci gaba da labarinta. Haka muke yi har yanzu idan sunan Gwaggo ya faɗo cikin hira, a ce Allah ya jiƙanta, a ɗora daga inda aka tsaya.

Labarin farko na mutumin banza ne, Ser Ciappelletto, marubucin takardun shari'a, mai shaidar zur, ɓarawo, mai kisa. Ciwon ajali ya kama shi a Burgundi, a gidan wasu 'yan'uwa biyu masu ba da bashi da ruwa. Don kar ya jawo musu tsiya, ya sa aka kira wani tsohon malamin coci, ya yi masa iƙirarin ƙarya yana kuka: wai manyan zunubansa su ne ya taɓa tofa yawu a coci, ya taɓa shan ruwa da marmari bayan azumi, ya taɓa zagin uwarsa sau ɗaya yana yaro. Ya mutu, aka yi wa'azi a kansa, jama'a suka yayyage tufafinsa don tabarruki, ya zama waliyyi. Da wannan aka buɗe littafin, da mutum yana yi wa Allah wasa a bakin kabari. Bayansa akwai wayo iri-iri: kuku Chichibio da ya ba budurwarsa cinyar gauraka ya rantse wa maigidansa ƙafa ɗaya gauraki suke da ita, da malamin coci Cipolla da ya yi alkawarin nuna wa ƙauyawa gashin fiffiken Mala'ika Jibrilu, aka sace aka zuba masa gawayi, nan take ya ce gawayin da aka gasa wani waliyyi da shi ne. Da yawa daga labaran na batsa ne ƙarara, ba zan ba ɗalibaina ba, kuma cocin Roma ta sa littafin cikin haramtattu a 1559, aka fitar da tacacce a 1573.

Wanda ya zauna mini shi ne na tara a rana ta biyar. Federigo degli Alberighi saurayi ne ɗan manya, ya kamu da son wata matar aure, Monna Giovanna. Ya ƙarar da dukiyarsa wajen liyafa da wasan dawaki don ta dube shi, ba ta duba ba. Ya koma wata 'yar gona a Campi, ba shi da komai sai shaho guda na farauta, wanda babu irinsa. Mijinta ya mutu, ta je hutu gonarsu da ke kusa da tasa tare da ɗanta tilo. Yaron ya saba da Federigo, ya ƙwallafa rai a kan shahon amma kunya ta hana shi roƙo. Sai ya kwanta ciwo, ya ce wa uwar, idan kika samo mini shahon nan ina jin zan warke.

Ta daɗe tana juya abin. Yaya za ta roƙi mutumin da ya talauce saboda ita abu ɗaya da ya rage masa, wanda ma da shi yake ci? Son ɗa ya rinjaya. Ta tafi da wata abokiyar rakiya, amma da ta isa ba ta iya faɗa ba, sai ta ce ta zo ne ta ci abincin rana tare da shi. Federigo ya shiga gida ya duba ko'ina, babu abin da zai sa a gaban baƙuwa irin wannan, babu kuɗi, babu abin jingina, kuma ba zai iya roƙon ko manomin gonarsa ba. Idonsa ya faɗa kan shahon, ya taɓa shi ya ji da ƙiba. Ya murɗe masa wuya, ya ba yarinyar gida ta fige ta gasa. Suka ci. Bayan an ɗauke kwanuka ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya fashe da kuka, ta zaci rowa ce, sai ya kawo mata gashin da ƙafafun da bakin ya ajiye a gabanta. Bayan 'yan kwanaki yaron ya mutu. Daga baya, da 'yan'uwanta suka matsa mata ta yi aure, ta ce in dai dole ne to Federigo, gara mutum ba dukiya da dukiya ba mutum.

An lissafa shi cikin labaran da suka ƙare da daɗi, ni kuwa yaron nake gani. Babu mugu a cikin labarin nan. Kunyarta mai kyau ce, karamcinsa mai kyau ne, su biyun suka haɗu suka cinye maganin yaro. Na ba yarana labarin wani dare da aka ɗauke wuta, babbar, mai shekara 11 a lokacin, ta ce, "Umma, me ya sa ba ta faɗa masa tun daga bakin ƙofa ba?" Na ce mata nauyi ta ji. Ta ce, "Ai da ta faɗa." Na yi shiru, don ni ma akwai abin da ban faɗa ba a bakin ƙofa, ban ce Gwaggo ki yafe mini, tsoro nake ji ba.

Rana ta goma ta karamci ce, kuma a nan wani Musulmi ya fito da girma. Sarki Salahuddin ya yi shigar fatake ya zaga ƙasar Nasara, wani Messer Torello na Pabiya ya sauke shi bai san ko wane ne ba, matarsa ta ba baƙin riguna. Daga baya aka kama Torello a yaƙi, aka kai shi Iskandariya yana horar da tsuntsayen farauta. Salahuddin ya gane shi ta yadda yake murɗa baki in zai yi murmushi, ya nuna masa rigunan, ya mai da shi gida da daraja. Bature Kirista ne ya rubuta wannan, a zamanin da ba a manta yaƙe-yaƙen Ƙudus ba. Labarin ƙarshe kuwa, na Griselda, wadda mijinta ya ƙwace mata 'ya'ya ya ce ya kashe su, ya kore ta, duk don ya gwada haƙurinta, ba na son sa. Na ga mata da yawa da aka ce wa yi haƙuri har suka ƙare. Shi kansa mai ba da labarin, Dioneo, ya kira abin da mijin ya yi haukan dabbanci, kuma ina tare da shi.

Inda nake da ƙorafi a kan Bokaciyo daban ne. Mutanensa goma masu hali ne, suna da gidan gona da za su gudu zuwa, da barori bakwai masu dafa musu. Waɗanda suka zauna a gari suna ɗaukar gawa don a biya su, becchini ake ce musu, ya kira su ƙasƙantattun gari, ya zarge su da tsadar aiki. Ya ambaci cewa akwai 'yan kaɗan da suka tsaya wa marasa lafiya don Allah, amma ya wuce su a layi ɗaya. Cikin labari 100 bai ba ko ɗayansu labari ba. Bayan mako biyu matasan suka koma Fulorans, samarin suka yi sallama da 'yan matan a cocin da suka haɗu, kowa ya nufi gida, bai faɗa mana wa suka tarar da rai ba.

Da aka buɗe gari na je wurin dattijuwar nan. Na same ta a gaban kaskonta, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Iya, ban san da bakin da zan gode miki ba." Ta ce, "Haba 'yar nan, shekara talatin muna katanga ɗaya." Na tambaye ta ko ba ta ji tsoro ba. Ta ce ta ji mana, har ta yi wa ɗanta wasiyya a daren farko. Sai ta aiki jikarta cikin gida ta fito da kwanon shan nan nawa, a wanke, an ɗaure shi a leda. Ta ce Gwaggo ta shanye kunun duka a ranar, kuma ita ta ce a wanke kwanon da tafasasshen ruwa, a ajiye shi sai an kwana biyu kafin a mayar wa Uwata, saboda yaron nan mai asma.